Kaki a Cikin Aji

Ina zaune a ƙofar gida bayan sallar isha'i, ana jiran shayi na biyu, sai waya ta shigo daga Amurka. Ɗan ƙanwata ne. A can aka haife shi, a garin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar suke da yawa. Hausarsa tana ɗingishi, amma tana kai shi inda zai je. Bayan gaisuwa ya ce, "Kawu, akwai maganar da nake so mu yi, amma kada Mama ta ji tukuna."

Ya gama sakandare, ya samu gurbi a jami'a yana son karanta injiniya. Kuɗin makaranta kuwa ya fi ƙarfin gidan. Ubansa direban babbar mota ne, uwarsa kitso take yi. Ko dai ya ci bashin da zai shekara goma ko fiye yana biya, ko ya karɓi tayin da rundunar sojan ƙasa ta yi masa. Za su biya masa kuɗin karatu na shekara huɗu, su ba shi na littattafai, su riƙa ba shi ɗan alawus duk wata. Shi kuma ranar da ya karɓi digiri, a ranar zai zama hafsan soja.

Sunan shirin ROTC, kuma yana da rassa a ɗaruruwan jami'o'in Amurka. Ɗalibin da ya shiga ba ya barin jami'a ya koma bariki. Ɗakin kwanansa ɗaya da sauran ɗalibai, ajinsu ɗaya, jarrabawarsu ɗaya. Abin da ya ƙaru masa shi ne motsa jiki da asuba wasu ranakun mako, da darasin aikin soja, da yinin da zai sa kaki ya fita atisaye. Tsakanin shekara ta uku da ta huɗu ana kai su sansanin Fort Knox a jihar Kentucky su yi sama da wata guda ana gwada su. In ya gama sai a ba shi muƙamin ƙaramin laftanan, a damƙa masa sojoji talatin ko arba'in, wasunsu sun girme shi nesa ba kusa ba. Bashin da ke kansa shekara takwas ne, galibi huɗu a bakin aiki, huɗu a jerin ƴan ko-ta-kwana. Ta wannan ƙofa rundunar sojan ƙasa ta Amurka take samun hafsoshi fiye da ta kowace ƙofa, har da shahararriyar makarantar nan tasu ta West Point.

Tun kafin ya rufe baki na riga na ce a'a a cikin zuciyata. Allah ya taimake ni ban furta ba, na ce ya ba ni mako guda.

Na san inda a'ar nan ta fito. Ina lise a Damagaram ranar 9 ga Fabrairun 1990, lokacin da ɗaliban jami'ar Yamai suka taso za su haye gadar Kennedy zuwa cikin gari, jami'an tsaro suka buɗe musu wuta, ɗalibai uku suka rasu. Duk wanda ya yi lakwal a ƙasar nan a zamanina ya tashi da hoton gadar nan a kansa: masu littafi a wannan bakin, masu bindiga a wancan. Ga kuma juyin mulki har sau biyar, a 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023. Ban zo yanke wa ko ɗaya hukunci a nan ba, kowanne da masu yabonsa da masu kukansa. Abin da nake faɗa kawai shi ne, mutumin da ya girma cikin wannan tarihi, in aka ce masa ga kaki a cikin ajin jami'a, sai gabansa ya faɗi.

Amma tsorona ba hujja ba ne, kuma yaron ba tarihin Nijar ya tambaye ni ba. Na shafe makon ina juya tambayar da ke ƙarƙashin tasa. Jami'a wuri ne da ake koya wa mutum ya ce "don me?" Soja kuwa sana'a ce da ba ta tafiya sai an ce "to". Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina koyarwa, kuma ɗalibin da ya fi faranta mini rai shi ne wanda ya kama ni da kuskure a gaban allo. Kwamandan da ke tsakiyar wuta ba zai iya zama da irin wannan ɗalibi ba. To yaya za a zuba waɗannan tarbiyya biyu a kai ɗaya, cikin shekara huɗu ɗaya, ba tare da ɗaya ta cinye ɗaya ba?

Amurkawan da suka ƙirƙiro abin sun ga wannan karo, kuma da gangan suka nemi a yi shi. Tun kafuwar ƙasar suna tsoron rundunar da za ta zama wata ƙabila dabam, mai gidajenta da makarantunta da tunaninta. Wani tsohon shugaban West Point mai suna Alden Partridge ya buɗe makaranta a garin Norwich na jihar Vermont a 1819, inda farar hula za su yi karatun zamani su kuma koyi aikin soja. A 1862, ana tsakiyar yaƙin basasarsu, aka yi dokar da ta ba jihohi filaye don su kafa kwalejojin noma da fasaha, da sharaɗin a koyar da dabarun yaƙi a cikinsu. Dokar tsaro ta 1916 ita ta haɗa waɗannan ta ba su sunan ROTC. A jami'o'i da yawa ma abin dole ne ga duk namiji a shekarunsa biyu na farko. Wasu ɗalibai Kiristoci ƴan ɗarikar Methodist a jami'ar Kalifoniya sun ƙi, suka ce imaninsu bai yarda da koyon yaƙi ba, aka dakatar da su. Magana ta kai Kotun Ƙoli a 1934, kotu ta ba jami'a gaskiya.

Yaƙin Biyetnam ne ya fasa ƙwan. A 1969 malaman Harvard suka kaɗa ƙuri'a cewa darussan ROTC ba za su ƙara shiga lissafin digiri ba, ɗalibai suka mamaye ginin hukumar jami'ar, ba da jimawa ba shirin ya tattara ya bar harabar. Sai kuma abin da ya faru a jami'ar Kent State ta jihar Ohio. Ranar 30 ga Afrilun 1970 Shugaba Nixon ya sanar da cewa sojojinsa sun shiga Kambodiya. Daren 2 ga Mayu aka ƙone ginin ROTC na jami'ar. Ranar 4 ga Mayu dakarun tsaron jiha suka yi harbi cikin ɗalibai na daƙiƙa goma sha uku, huɗu suka mutu, tara suka ji rauni. Ɗaya daga cikin mamatan, William Schroeder, shekararsa 19, ɗalibin ROTC ne.

Na daɗe a kan wannan yaro. Hoton gadar da ke kaina ba shi da wurin ajiye shi. Shekaranjiya an ƙone ginin da yake ɗaukar darasi saboda shi na sojoji ne, yau masu kaki sun harbe shi saboda yana tsaye cikin ɗalibai. Ko dai shi ne shaidar cewa haɗin bai yiwuwa, ko kuma shi ne mutumin da aka fi buƙata a filin nan ranar, da an bar shi ya girma ya zama mai ba da umarni.

Waɗanda suka kori shirin daga manyan jami'o'i suna da hujja mai nauyi, kuma ban raina ta ba. Sun ce jami'a ba ta da hurumin ba da maki a kan koyon kisa, kuma malamin da rundunar soja ta turo, wanda ba zai iya sukar yaƙin da ake yi a fili ba, bai cika sharaɗin malamin jami'a ba. Sai dai yaƙin bai tsaya ba don Harvard ta wanke hannunta. An ci gaba da yaye hafsoshi, daga wasu jami'o'in, daga wasu gidajen. Abin da ya canza shi ne, ƴaƴan manya waɗanda gobe za su zama sanatoci da ministoci sun daina zama aji ɗaya da waɗanda za su tura fagen fama. Sai a 2011, bayan kimanin shekara arba'in, Harvard ta sake buɗe wa shirin ƙofa. Tsarkin da ake samu ta hanyar miƙa wa maƙwabci aikin ƙazanta, ni dai ban ga ladansa ba.

Masu kare shirin kuma suna da tasu waƙar, wadda ta fi yi mini daɗi a kunne saboda ni malami ne. Suna cewa hafsan da ya karanta tarihi da falsafa zai fi tausayi, zai fi sanin haddi, ba zai ɗaga bindiga a kan mai zanga-zanga ba. Na so ƙwarai in yarda. Amma ranar 20 ga Janairun 1942 manyan jami'an gwamnatin Hitila su 15 sun zauna a unguwar Wannsee ta birnin Balin suka tsara yadda za a ƙarar da Yahudawan Turai, kuma takwas daga cikinsu suna da digirin dakta. A maƙwabciyarmu Nijeriya, Manjo Emmanuel Ifeajuna, wanda ya jagoranci ɓangaren Legas a juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, daren da aka ɗauke Abubakar Tafawa Ɓalewa daga gidansa, ya yi jami'ar Ibadan kafin ya shiga soja. Wanda ya sa aka harbe shi a 1967, Ojukwu, tarihi ya karanta a Oxford. Wani lokaci ma ilimin ne yake ba mai bindiga ƙarfin zuciyar cewa shi ya fi kowa sanin abin da ƙasa take buƙata, don haka ba sai ya tambayi kowa ba.

Ɗan ƙanwata da kansa ya kawo mini misalin Colin Powell, kuma na gane dalili. Ɗan baƙi ne da suka yi ƙaura daga Jamaika, ya tashi a unguwar Bronx, ya shiga ROTC a City College ta New York, ya fito a 1958, ya zama babban hafsan hafsoshin Amurka a 1989, na farko da ya kai wannan matsayi ta wannan ƙofa. Yaro baƙi ɗan direba dole ya ga kansa a wannan madubi. Na tuna masa cewa shi wannan Powell ɗin ne, yana sakataren harkokin waje, ya zauna gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 5 ga Fabrairun 2003 ya gabatar da hujjojin makaman Iraƙi waɗanda daga baya aka nema aka rasa. Shi da bakinsa ya amsa cewa abin ya zame masa tabo. Mutum ne mai hankali da mutunci, kuma a ranar da ƙasarsa ta fi buƙatar ya ce "don me?", tarbiyyar "to" ce ta yi rinjaye.

To in littafi bai ba da tabbaci ba, me ya rage wa shirin? Na kai kwana huɗu kafin in ga abin da nake ganin shi ne amsar, kuma ba a cikin manhaja yake ba. Yana cikin zama. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaron da zai zama hafsa ta wannan hanya zai shekara huɗu yana cin abinci da mutanen da ba sa sara masa. Wata yarinya za ta tashi a aji ta ce masa yaƙin da yake shirin shiga zalunci ne, ba shi da ikon sa ta tsallen kwaɗo, dole ya nemo amsa ko ya haɗiye. Malami farar hula zai ba shi maki kaɗan, kakinsa ba zai ƙara masa ko ɗaya ba. Zai ci bashin abokin ɗakinsa, zai je bikin ƙanwar wani, zai yi jinyar wani. Kowa ya san irin kallon da wasu masu kaki suke yi wa farar hula a ƙasashenmu, kamar wasu halittu ne da ba su gama zama mutane ba. Wannan kallo a keɓe yake girma, a bayan katanga, inda yaro ya shiga yana ɗan shekara goma sha takwas ko ƙasa da haka, bai ƙara yin aboki ba sai mai irin rigarsa. Makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ta fara ba da digiri tun 1985, kuma wannan ci gaba ne. Amma can jami'a aka kai cikin bariki. Duk wanda ke zaune a ajin kaki ne a jikinsa.

Ba na cewa wanda ya yi zaman aji da farar hula ba zai taɓa harbinsu ba. Ina cewa in aka ba shi umarnin, taron da ke gabansa yana da fuskoki. Harbin zai yi masa wuya fiye da yadda zai yi wa wani, kuma a irin wannan rana daƙiƙa goma na jinkiri rayuka ne.

Akwai wani abu da yaron ya nuna mini wanda ban sani ba. Rantsuwar ƙaramin soja a Amurka ta ƙunshi alkawarin bin umarnin shugaban ƙasa da na hafsoshin da ke sama da shi. Rantsuwar hafsa ba ta da wannan jimla, ga kundin tsarin mulki kawai yake rantsuwa zai kare shi. Ya faɗa mini haka da alfahari, kamar ya samo ƙofar fita. Na ce masa ya yi a hankali, ƙofar ƙarama ce. Doka ta yarda, ta ma wajabta, ya ƙi umarnin da haramcinsa a fili yake, kamar a ce ya harbe fursuna. Ba ta ba shi damar zaɓen yaƙin da zai je ba. A 2006 wani laftanan mai suna Ehren Watada, wanda shi ma ya gama jami'a kafin ya shiga soja, ya ƙi tafiya Iraƙi yana cewa yaƙin ya saɓa doka, har ya ce a tura shi Afganistan a maimako. Kotun soja aka kai shi. Shari'ar ta watse ba hukunci, amma aikinsa ya ƙare a nan. Jami'a za ta koya maka auna yaƙi a kan mizanin adalci, takardar da ka sa wa hannu kuma ta ce sakamakon awon ka riƙe shi a cikinka.

Wannan ya kawo ni inda har yau zuciyata ba ta kwanta ba, wato maganar kuɗi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tun 1973 Amurka ta daina ɗaukar soja na dole, ana cewa kowa da son ransa yake shiga. Amma ɗan likita da ɗan direba ba son rai iri ɗaya suke da shi ba. Na farko in ya shiga ROTC, ra'ayi ne ya kai shi. Na biyu yana iya zama ra'ayi, yana iya zama takardar kuɗin makaranta, shi kansa ba lalle ya iya rarrabewa ba. In ya karɓi tallafin shekara huɗu, yana da shekarar farko ya duba ya gani, zai iya fita ba a bin shi komai. Da ya taka shekara ta biyu ƙofa ta rufe: in ya janye, ko ya biya abin da aka kashe masa, ko a iya tura shi aiki a matsayin ƙaramin soja. Ke nan yaro ɗan shekara goma sha tara zai yi alkawari a madadin mutumin da zai zama yana da ashirin da biyu, bayan jami'ar ta gama canza masa tunani. Muna tura yara jami'a don su fito ba yadda suka shiga ba, sannan a ɗaure wanda ya fito da sa hannun wanda ya shiga. Ban ce haramun ne ba, kowane alkawari haka yake, har aure. Amma a aure ba a ce ka kashe wanda aka nuna maka ba.

Kuma wa za a nuna masa? Ba tambayar iska ba ce. Sojojin Amurka sun zauna a ƙasar nan shekaru, suna da sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas har zuwa 2024. A Tongo Tongo, cikin Oktoban 2017, an kashe huɗu daga cikinsu tare da sojojinmu. Da yaron nan ya riga haka zuwa duniya da shekara goma, ba abin mamaki ba ne a turo shi nan, ya tsaya da bindiga a bakin wani ƙauye mai kama da na kakarsa, ana yi masa tafinta da harshen da uwarsa take yi masa faɗa da shi. Na faɗa masa haka. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, in dai za a tura wani, ba gara a tura wanda ya san mutane ne a ciki ba?"

Ban da amsar wannan. Hujjata ce ta kwana huɗu ya mayar mini a jimla ɗaya, kuma da na ji ta a bakinsa sai na ji tsoronta, don haka duk mai shiga irin wannan aiki da kyakkyawar niyya yake faɗa wa kansa. Wasu sun cika, wasu aikin ya haɗiye su.

Da mako ya cika ban ce masa ya shiga ba, ban ce kada ya shiga ba. Na ce abu na farko ya gaya wa uwarsa a daren nan, don ba zan riƙe masa sirrin da ya shafi ransa ba, ita ta haife shi. Na ce in ya shiga, shekarar farkon nan da ba a bin shi komai kada ya ɓata ta wajen koyon fareti kaɗai. Ya nemo ɗalibin da ya fi kowa ƙin sojoji a jami'ar, ya riƙa cin abinci da shi. Ya ɗauki darasin tarihi wurin malamin da aka ce ba ya raga wa gwamnati. Ya samu wani da ya dawo daga Iraƙi ko Afganistan, ba wanda ofishin ɗaukar sojoji zai haɗa shi da shi ba, ya zauna ya saurare shi. Sannan kafin ya sa hannu ya zauna ya yi lissafin bashin banki tsakaninsa da Allah, ya ga ko da gaske ba zai biyu ba, don ya san ko kuɗi ne ke tura shi ko zuciya.

Ya shiga. Ƙanwata ta yi kwana uku ba ta ɗaga wayata ba, tana ganin da na tsawata masa da ya bari, wataƙila kuma tana da gaskiya. A watan azumi ta turo mini hotonsa cikin kaki, an yi masa aski ƙwal, yana tsaye a gaban ɗakin karatu da jakar littattafai a kafaɗa. Ba ta rubuta komai a ƙasan hoton ba. Shi kuma ya ce mini ya samu abokin gardamar, wani ɗan ajinsu mai karanta ilimin siyasa, sun yi faɗa sau biyu, yanzu tare suke bitar lissafi. A watan Agusta zai shiga shekara ta biyu.